Zuwa ga ɗana da ke karatu a Yamai

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan Tawa lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama.

Ranar Juma'a bayan la'asar ƙanwarka ta kunna mana waƙar da ka yi kan ƴan ci-rani. Ka san yadda muke da kai kan wannan rap ɗin, shekara biyu ina ce maka hayaniya ce kawai. Ina zaune bisa tabarma na ji ka ambaci tasha da asuba, da mutumin da ya ɗaure kayansa cikin leda yana cewa kafin damina zai dawo. Mahaifiyarka na tankaɗe, sai ta ajiye rariya ta shige ɗaki. Ƙanenta ta tuna, wanda ya nufi Libiya yau shekara bakwai babu labari. Washegari na bi ta wata fada kusa da kasuwa, samari na dafa shayi suna maimaita baitin nan. Ɗaya daga cikinsu na san shi, tun yana goye ubansa ke Abijan. Idonsa a rufe yake rera shi, kamar shi ya rubuta.

Na yarda na yi maka kuskuren fahimta. Ashe ko asalin kiɗan, a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka wajen 1973, ƴaƴan talakawa ne da ba mai sauraronsu suka soma shi. Haka ƙungiyoyin rap irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney suka ɗauko shi nan Nijar, suka zuba masa Hausa da Zabarmanci, suna faɗin abin da manya ke jin nauyin faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ka yi wa mahaifiyarka, cewa wani mai hannu da shuni da ke neman suna a siyasa ya aiko maka, zai biya kuɗin sutudiyo idan ka wasa shi. Kada ka karɓa. Ban raina roƙo ba, sana'a ce ta gado, kuma maroƙi ba ya ɓoye kansa: mai bayarwa da mai sauraro duk sun san kirari ne. Kai kuwa yaron nan na fada ya ɗauke ka bakinsa ne. Ranar da ya ji ka kana yabon wanda bai taɓa leƙo unguwarsu ba, waƙar ci-ranin ma ta zube a idonsa.

Dubi Senegal. A 2011 ƴan rap na ƙungiyar Keur Gui da wasu ƴan jarida suka kafa ƙungiyar fafutuka ta Y'en a marre, suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yin katin zaɓe, kuma a 2012 shugaban ƙasa Abdoulaye Wade ya faɗi zaɓe. A Burkina Faso, mawaƙin rap Smockey da abokansa na ƙungiyar Balai Citoyen suna gaba-gaba a boren da ya kawar da shugaba Blaise Compaoré a 2014 bayan shekara 27 yana mulki. Jama'a ta bi su ne don ta shaida ba a saye su ba. Amma ban ɓoye maka ba, sun ji jiki. An tsare Thiat na Keur Gui, an kuma kai wa sutudiyon Smockey hari a 2015. Ni uba ne, wannan ɓangaren ke hana ni barci.

Don haka abin da ba ka gani ko ka tabbatar ba, kada ya shiga baitinka. Ka soki aiki, ka bar iyayen mutum da ƙabilarsa. Jarrabawarka kuma na gaba da komai.

Kuɗin sutudiyon nawa ne? Faɗa mini gaskiya. Na sayar da albasa, zan aiko maka abin da ya samu ta hannun ɗan baffanka. Mahaifiyarka ta ce ka turo waƙar a wayarta, tana so ta saurara ita kaɗai.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.