Ƙaramin alheri ne ke riƙe da ni, amma ya fara taɓa gidana

Assalamu alaikum Malama. Ya aiki, ya haƙuri da mu masu kawo kuka? Allah ya saka da alheri.

Ni magidanci ne, shekarata 41, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Wata 14 ke nan da aka rage ma'aikata a inda nake aikin akanta, sunana ya fito a ciki. Ran wanka ba a ɓoyon cibi: wata biyar na farko ban san inda kaina yake ba. Gari zai waye in kasa ɗaga kai daga matashi. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Labarai ma na daina saurare, don kowanne sai ya ƙara min nauyi a ƙirji.

Abin da ya fara ɗago ni bai taka kara ya karya ba. Ɗan maƙwabcinmu ne, ɗan shekara tara, na tarar yana kuka a kan littafinsa, lissafin rabawa ya gagare shi. Ya yi ta gogewa har takardar ta huje. Na tsuguna, na tsinto tsakuwa 24, na ce ya raba wa mutum shida. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, huɗu-huɗu ne!" Wallahi Malama, daren nan na yi barcin da rabona da shi tun ranar da aka miƙo min takardar sallama.

Daga nan na ɗaukar wa kaina alkawari: rana ba za ta faɗi ba sai na yi wa wani wani abu. Ina karanta wa wani dattijo takardun asibitinsa, don idonsa ya yi rauni. Ina kiran waɗanda aka sallame mu tare, ko gaisuwa ce kawai. Sau biyu na je na ba da jini, wata uku tsakani. Yaran da ke zuwa lissafi yanzu su bakwai ne.

Daga baya na karanta cewa a wani bincike da aka wallafa a 2008, wata malamar jami'a a Kanada, Elizabeth Dunn, da abokan aikinta sun raba wa mutane dala 5 ko dala 20 da safe. Wasu aka ce su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani. Da yamma, waɗanda suka kashe wa wani sun fi samun farin ciki, kuma yawan kuɗin bai sauya komai ba. Ban yi mamaki ba, don na riga na gani a jikina. Ga shi kuma Manzon Allah (SAW) ya ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne.

To ga inda gizo ke saƙar. Ɗan abin da nake samu daga aikin lissafi na jefi-jefi, shi ma na fara gutsurawa ina bayarwa. Makon jiya na taimaka wa wani abokina da kuɗin magani, alhali babban ɗana takalminsa ya yage, yana ɗaure shi da zare. Maiɗakina ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Sai da yara suka yi barci ta ce, "Baban yara, waje kake kai wa murmushinka, mu ragowar fuskar muke samu." Ta tuna min hadisin da ya ce ka fara da waɗanda nauyinsu ke wuyanka. Na rasa abin cewa, don gaskiya ta faɗa. Wannan baiwar Allah ita ta riƙe gidan lokacin da nake kwance, ba ta taɓa yi min gori ba. Amma a gida kunya ce ke cina. In na dubi yarana, gazawata nake gani. In na dubi na waje, sai in ga mutumin da har yanzu yake da amfani.

Wani abin kuma yana damuna: niyyata. In har don zuciyata ta yi sanyi nake bayarwa, don Allah na yi ko don kaina? Kuma duk ranar da ban samu wanda na taimaka wa ba, duhun nan yakan dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Na ji likitoci na cewa baƙin cikin da ya zarce mako biyu, tare da rashin barci da fitar sha'awar komai daga rai, yana iya zama ciwon damuwa. Shin warkewa nake yi, ko rufa ciwon kawai nake?

Malama, ki ba ni shawara. Ina tsoron in daina, in koma gidan jiya. Yaya zan juyo da alherin nan cikin gidana ba tare da na saki na waje ba? Kuma ya kamata in ga likita? Ina roƙon a sakaya sunana.

Wassalam,
Mai sauraronki a kullum