Godiya ga masu wayarin da suka gyara mana wutar jiragen ruwa a Dadin Kowa

Assalamu alaikum.

Mu masu jiragen ruwa masu inji da ke aiki a madatsar Dadin Kowa, ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, muna miƙa godiya ga shagon wayarin na cikin garin Gombe da ya turo mana ma'aikatansa har bakin ruwa suka sauya mana akwatunan fiyus. Malam mai shago, Allah ya saka da alheri.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba su ɗaura komai ba sai da suka yi lissafi. Fitilar haska ruwa mai wat 60 a kan batir mai bolt 12 tana jan amp 5. Suka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama 6.25, sai suka sa mata fiyus na amp 7.5, wanda ya ɗan ɗara hakan. Haka suka bi famfon kwashe ruwa, ƙananan fitilu da wurin cajin waya, kowanne da nasa gurbin. Sun kuma ja kunnenmu cewa wayar wuta ce fiyus yake karewa tun kafin kayan da ke ƙarshenta: in ka sa na amp 30 a kan siririyar waya mai milimita 1.5, wayar za ta narke, fiyus yana zaune lafiya. A jirgin katako da jarkar fetur a gefe, kowa ya san ƙarshen wannan. Su kuwa masu naɗa zaren jan ƙarfe ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus da ya ƙone, su ji tsoron Allah.

Sun fara cire kan batir na baƙar waya, sannan na ja. Babban fiyus na amp 30 suka ɗaura bai wuce santimita 18 daga batir ba, da waya mai milimita 6 zuwa akwatin, domin duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da kariya. Akwatin mai gurbi shida ne, mai murfi, da wurin haɗa baƙaƙen wayoyi, tunda jirgi ba shi da bodin ƙarfe da za a haɗa su a jikinsa kamar mota. An kafa shi can sama inda feshin ruwa bai kaiwa, aka bar gurbi biyu don gaba.

Kawunan wayoyi an matse su da filaya, an rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, an shafa giris. Lema ce ke sa jan ƙarfe ya yi kore, mahaɗa ta riƙa zafi, fitila ta dushe alhali batir a cike yake.

Sun bar wa kowane jirgi fiyus na ajiya, suka rubuta amp ɗin kowane launin fiyus a cikin murfi: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Kuɗin da aka yi magana a kai tun farko shi suka karɓa.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci sana'a.

Naku,
Masu jiragen ruwa masu inji, Dadin Kowa, Jihar Gombe