Mutumina, kafin ka hau jirgin nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya su Umma, ya zafin Kano? Na ga saƙonka tun ran Laraba, wallahi ban samu kaina bane muna tsakiyar jarabawar rabin zango. Barka da cin jarabawar turanci ta TOEFL, Allah ya sa alheri. Ka ce in faɗa maka gaskiya kan turancin yaran nan na Amurka kafin ka iso a watan Agusta, to ga ta nan: turancin da ya ci maka jarabawa zai fishe ka a aji, zai rubuta maka asamen, amma a hostal sai ka yi wata biyu kamar kurma a kasuwa.

Satina na farko a nan Ohio wani ɗan ajinmu ya ce za su fita cin fiza da daddare, ya juyo ya ce min "you down?" Ni kuma iya sanina down ai mutum ne cikin damuwa, sai na ce masa a'a lafiyata ƙalau. Ya ce to shikenan, suka kama hanya suka bar ni da yunwata da indomi. Ashe "I'm down" nufinsa da ni za a yi. Abin haushin kuma "I'm up for it" shima ma'anarsa kenan, sama da ƙasa duk abu ɗaya, ka ji fa.

Gaisuwarsu ita ta fi ɗaure min kai. Mu da muka saba a tsaya a tambayi gajiya a tambayi iyali da aiki har a gangaro kan ruwan sama, nan mutum zai jefo maka "what's up" ne yana tafiyarsa ko waiwaye babu. Ba tambaya bace, ka ce "not much" ka wuce. Na taɓa tsayawa ina ba wani labarin murar da ta kama ni, ban kai rabi ba ya shige lif. Haka in an ce maka "we should hang out sometime", irin "zan leƙo" ɗinmu ne, in ba a sa rana da lokaci ba kar ka wahalar da kanka da gugar kaftani.

Sannan ba su da sannu, wannan har yau yana damuna. Wata ta yi tuntuɓe a matakala littattafanta suka watse na ce sorry, ta kalle ni da mamaki ta ce ai ba laifina bane. A wajensu in ka ce sorry kamar ka ɗau laifin kenan, "are you okay?" ake cewa. In kai ka yi ɗan kuskure kuma "my bad" ya wadatar. Kuma don Allah kar ka roƙi aron rubber a aji, eraser suke ce wa magogi, rubber kwaroron roba ne. Kar ka tambaye ni yadda na sani.

Na makaranta masu sauƙi ne. Ɗan aji ɗaya freshman, sai sophomore, junior, senior. Za ka ji ana tsokanar freshman 15, wato fam 15, kusan kilo 7, da suke cewa sabon ɗalibi na ƙarawa saboda abincin kafteriya. Wanda ya cinye jarabawa zai ce "I aced it", wanda ta kayar ya ce "I bombed it", amma wannan ka bar ta a harabar makaranta kar ta kuɓuce maka a filin jirgi. All-nighter shine kwana karatu irin wanda muke yi daren jarabawa da shayi a gefe. Makinsu kan 4.0 ake lissafi ba 5.0 irin namu ba, in ka ji mai 3.8 ka san gwaska ne.

Sai na yayi: no cap wato ba ƙarya, bet wato an gama magana, sus abin da ba a yarda da shi ba, rizz kuma iya tsara mace, har masu ƙamus ɗin Oxford suka zaɓe ta kalmar shekara a 2023. Da yawansu daga bakin baƙaƙen fatan Amurka suka fito kafin TikTok ya watsa su duniya. Ni dai shawarata ka ji ka gane amma kar ka yi saurin furtawa, suna tsufa da wuri kamar yayin atamfa, kuma a bakin baƙo rigar aro ce, kowa na ganin ba ta zauna ba. Ranar da na ce wa ɗan ɗakinmu "no cap" sai da ya sauko daga gado don dariya. Akwai kuma kalmar nan ta zagin baƙar fata mai farawa da N da kake ji a waƙoƙi, baƙinka ba lasisi bane, ka bar musu kayansu.

Kilishi kar ka ɗauko, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shigo. Yaji da kuka dai ka cika min, ka rubuta su a fom. Ka gaida su Umma da Baba, ka turo min lambar jirgin da zarar ka yanki tikiti.

Naka har kullum