Zuwa ga malamai da masu makarantun da ke amfani da manhajarmu ta gwajin kimiyya

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Mun sake gyara gwajin lantarki na dokar Ohm, yanzu ɗalibi zai iya yinsa daga farko har ƙarshe da kibod kaɗai, ko maus babu.

Ga inda matsalar take. Batir da waya da kwan fitilar da kuke gani a allon kwamfuta zane ne kawai, manhajar da ke karanta wa makafi allo, irin su NVDA ko JAWS, ko TalkBack a wayar Android, idan ta iso wurin shiru take yi kamar ba komai, sai yaro ya zauna yana jin abokansa suna cewa "kai, ta ƙara haske!" shi bai san me aka taɓa ba. Yanzu maɓallin Tab yana kai shi kan batir, ya ƙara ko ya rage ƙarfi da maɓallan kibiya, murya ta faɗa masa: bolt 6, ohm 3, amfiya 2, wato ƙarfin batir, da turjiyar da lantarki ke gamuwa da ita, da yawan lantarkin da ke gudana. Ya mayar da ohm ɗin 6 ta ce amfiya 1, fitila ta dushe. Mun sa wani sauti ma da ke yin sama idan lantarkin ya ƙaru.

Gaskiya abin da ya fi cin lokaci shi ne hana muryar surutu, don in ta riƙa karanta kowane ɗan motsi yaro zai cire iyafis ɗin ne kawai, to sai ya saki maɓalli take magana. Wannan fannin, PhET, shirin gwajin kimiyya a kwamfuta na Jami'ar Colorado a Amurka, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, sun daɗe suna aiki a kai, kuma nasu kyauta ne, ku duba.

Bayanin da Turanci yake tukuna, da shi ake WAEC da NECO dama, kuma muryar Turanci in ta kama Hausa sai dai dariya. NVDA kyauta ne, duk makarantar da ke cikin Kaduna, daga Kawo har Barnawa, za mu zo mu saka muku, ba ƙarin kuɗi.

Roƙonmu ɗaya Malam, ka zare maus ɗin ka gwada da kanka, duk inda Tab ya maƙale ka turo mana ta WhatsApp. Gwajin madubi da haske ne na gaba.

Naku,
Ma'aikatan kamfani, Kaduna