Firist da ƙwarangwal za su iya tafiya tare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da masu sha'awar wasannin tebur irin su Dungeons & Dragons da Pathfinder, inda kowa ke ƙirƙiro jaruminsa ya shiga rigarsa, jagoran wasa yana warware labari, ɗan lido mai fuska 20 yana raba gardama. Akwai rigimar da ke yawan watsa 'yan wasa tun ba a je ko'ina ba: wani ya zaɓi firist, abokinsa kuma ya zaɓi mataccen da ya ƙi kwanciya, ko ƙwarangwal ko mashayin jini. Nan take sai a ce ba za su sha inuwa ɗaya ba, dole ɗaya ya haƙura. Ni ban yarda ba, kuma firist nake bugawa a teburinmu, kafaɗa da kafaɗa da ƙwarangwal.

Tun da wuri in faɗa wa iyayenmu masu karatu cewa allolin da ake ambata a waɗannan wasanni ƙagaggu ne, 'yan cikin tatsuniya. Ba wanda ke bauta musu a tebur.

Wannan takun-saƙa ba baƙo ba ne, da shi aka haifi firist ɗin kansa. A farkon shekarun 1970, a wasan Blackmoor da Dave Arneson ke jagoranta a jihar Minnesota ta Amurka, wani ɗan wasa ya riƙe mashayin jini mai suna Sir Fang, ya yi ƙarfin da ya gagari saura. Sai aka ƙirƙiro jarumin da zai iya taka masa burki, wato firist. Lokacin da Arneson da Gary Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, ajin jarumai uku ne kawai a ciki: mayaƙi, matsafi da firist. Ke nan tun ranar farko, matacce mai yawo da mai korarsa suna zaune a tebur guda, kuma wasan bai mutu ba.

Dokoki kam ba su sauƙaƙa ba. A bugu na biyar na 2014, firist yana kaiwa mataki na 2 zai samu ikon korar matattu: ya ɗaga alamar ubangidansa, duk mataccen da ke cikin ƙafa 30 kuma yana ganinsa ko yana jinsa sai ya jefa ɗan lido, in ya faɗi ya yi ta gudu har minti ɗaya. Dokar ba ta ware aboki daga maƙiyi ba. Addu'ar warkar da rauni ma ba ta aiki a kan matacce. A bugun 2003 abin ya fi haka tsanani, domin warkarwar ƙona matacce take yi, sihirin cutarwa ne ke ɗinke masa rauni. Pathfinder, wanda ya ba da damar buga ƙwarangwal a littafinsa na 2022, yana kan wannan turba: in firist ya baza warkarwa ta zagaye kowa, rayayyu su samu sauƙi, ƙashin abokinsa ya sha wuta. Gyaran Dungeons & Dragons na 2024 ya sassauta, yanzu firist ne ke zaɓar wanda zai kora.

Na fahimci dalilin sassaucin, amma mu mun zauna a kan dokar 2014, kuma mun amince a lissafa ƙwarangwal ɗinmu cikin matattu sosai. Ga abin da hakan ya haifar. A wani kogon kabari, maciya gawa, waɗanda su ma matattu ne masu yawo, suka yi mana ƙawanya. Ƙwarangwal ne ke riƙe da ƙofa da garkuwarsa. In na ɗaga alamata a wannan lokaci, shi ma zai iya arcewa, ƙofa ta zama a buɗe. In na jira ya ja da baya ya fita daga ƙafa 30, matsafiyarmu da ta ji rauni ba lallai ta kai zagaye na gaba ba. Na yi masa tsawa ya fice, ya bar ƙofar, na yi korar, biyu daga cikinsu ba su gudu ba. Mun sha da ƙyar. Har yau ba a daina maganar wannan dare ba, kuma da dokar ta ba ni damar tsame shi cikin sauƙi, da babu abin tunawa.

Amma dokoki ƙaramin al'amari ne a kan aƙida. Firist ɗina bawan Kelemvor ne, alƙalin matattu a Forgotten Realms, ɗaya daga cikin ƙagaggun duniyoyin wasan, wanda ke ganin tashin gawa a matsayin ɓarna. Haka Pharasma take a Pathfinder. Hanyoyi biyu na ga mutane suna bi, kuma duka suna ɓata min rai. Na farko ya far wa abokin tafiyarsa, in an yi magana ya ce ai haka jaruminsa zai yi. Wannan ba riƙon aƙida ba ne, cin zarafin mutumin da ya ɓata lokacinsa ya gina jarumi ne. Na biyu kuma ya ajiye aƙidar gaba ɗaya, ya zama akwatin magani mai ƙafafu, ba ya ko ɗaga gira in gawa ta miƙo masa hannu. To me ya sa ya zaɓi firist?

Abin da ya fisshe mu tambaya ɗaya ce: shin shi ya zaɓi wannan hali? Ƙwarangwal ɗinmu soja ne da ya mutu yana gadin gada, wani matsafi ya tashe shi ba da yardarsa ba. Wanda aka zalunta ne, kuma firist na gaskiya ba ya fara hukunci daga kan wanda aka zalunta. Sai jarumina ya yi masa alkawari: zai raka shi har su kai ga wanda ya ɗaure shi, bayan nan ya yi masa jana'iza da hannunsa, ya kwanta kamar kowa. Tun daga ranar kowace nasara tana matso da rabuwarsu. Na ga firist ɗina, mutumin da ya rantse zai kwantar da kowace gawa, yana neman dalilin da zai sa a bi doguwar hanya. Ban tsara haka ba, wasan ne ya kawo.

Nauyin ba a kan firist kaɗai yake ba. Mai buga matacce shi ma ya san iyakarsa: kada ya tashi wasu gawarwaki a gaban wanda ya rantse a kan hana haka. Jagoran wasa kuma kada ya kau da kai. Manyan haikali su kira firist su tambaye shi wa yake yawo da shi, mutanen ƙauye su rufe ƙofa.

Akwai inda abin ba ya yiwuwa, ba zan ɓoye ba. In aboki yana son buga matsafin da ya zaɓi zama matacce da gangan, yana kashe rayuka don ya dawwama, bawan Kelemvor ba shi da hujjar raka shi. A nan sai a sauya wa firist ubangida, misali Wee Jas ta duniyar Greyhawk wadda ba ta ƙyamar matattu irin haka, ko a sauya labarin mataccen.

Duk wannan a zaman farko ake yanke shi, kafin a jefa ɗan lido. Mu a namu zaman mun rubuta a takarda cewa ranar jana'izar ƙwarangwal, mai buga shi ne kaɗai zai sa ta, ba ni ba, ba jagoran wasa ba.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku na kullum