Godiya Ga Masu Gidan Motocin Da Suka Hana Ni Sayen Mota Mai Tsada

Assalamu alaikum.

Alhaji, ranka ya daɗe, na san ka ce kada in ambaci sunanka ko sunan gidan motocinka da ke nan Kano, wai kada abin ya zama talla. Na ji kuma na kiyaye. Amma yin shiru gaba ɗaya ba zan iya ba, don yabon gwani ya zama dole, kuma akwai mutane da yawa irina da ke yawo da kuɗin guminsu suna neman motar shiga daji, sun riga sun fid da rai da samun wanda zai gaya musu gaskiya.

Sana'ata sayar da maganin dabbobi. Ina zaune a Jalingo, amma abokan cinikina suna kan tsaunin Mambila. Wanda ya san hanyar ya san abin da nake nufi: Bali, Serti, Mayo Selbe, sannan hawan nan mai lanƙwasa da ba ya ƙarewa har Maisamari, Nguroje da Gembu. Wannan ma duk sauƙi ne. Aikin yana farawa ne idan ka bar kwalta ka nufi rugage da kasuwanni irin su Mayo Ndaga da Dorofi, inda jar ƙasar nan ke komawa taɓo mai santsi, ga damina tun daga Afrilu har Oktoba. A irin wannan wuri mota ba kayan ado ba ce. Idan ta tsaya, abincinka ya tsaya.

Kafin in zo wurinku na sha wuya a hannun wasu da ba zan kira sunansu ba, Allah ya san su. Sun sayar mini da wata jif tokumbo 'yar Amurka, kyan ɗan maciji, kujerun fata, allo a gaba, tana ɗaga kanta tana sauke kanta da iska. Dillalin ya yi ta rantsuwa wai mace ce ke hawanta a can, ba ta taɓa ganin rami ba. Ana tsakiyar damina, gaba da Nguroje kaɗan, jakar iskar baya ta fashe, mota ta zauna a kan cikinta, fitilu suka cika gaban sitiyari. Kanikawan wurin suka zo, mutanen da za su warware maka Land Rover da ta girme su su mayar da ita cikin yini ɗaya, suka zagaya ta suka ce, "Malam, wannan sai mai kwamfuta." Aka nemi kayan a Ƙofar Ruwa babu, a Fanteka ta Kaduna babu, aka aika Ladipo a Legas, abin da ya zo bai shiga ba. Allurar rigakafin da na ɗauko a cikin kula kuwa ƙanƙara ta narke, duk ta lalace, ga Fulani suna jira da shanunsu. Daga baya da mai walda ya kankare ƙarƙashinta sai ga tsatsa ta cinye casis, an shafe ta da baƙin fenti. Gishirin da ake zubawa a tituna lokacin dusar ƙanƙara a can ƙasarsu shi ya yi mata wannan aiki, kuma wanda ya shafa fentin ya sani sarai. Na kira dillalin, ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Daga nan ya daina ɗaukar wayata. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Da wannan zuciyar na shigo wurinku, ina jiran a fara yi mini daɗin baki. Sai kai Alhaji ka ba ni kujera da ruwa, ka tambaye ni ina zan riƙa zuwa da motar, me zan riƙa ɗauka, a ina nake shan mai, kuma wa zai gyara mini ita idan ta lalace. Ban taɓa jin mai sayar da mota ya yi wannan tambaya ta ƙarshe ba. Da ka ji Mambila sai ka ce wannan ba maganarka ba ce, a kira Baba.

To, Baba shi ne dalilin wannan wasiƙa. Dattijo ne, babban bakaniken gidan, da tsohuwar rigar aiki da tocila da wata 'yar guduma a aljihu. Idona yana kan wata Hilux mai dizal ta baya-bayan nan, wadda ta fi komai tsada a layin. Baba ya ce, "Ɗana, mota ce mai kyau, amma ba taka ba ce." Ya yi mini bayani cewa injinan dizal na zamani suna harba mai da matsanancin ƙarfi ta nozul masu aiki da lantarki, ba sa yafe gurɓataccen mai ko kaɗan. Galan ɗaya na 'yan bumburutu mai ruwa ko kananzir a ciki ya isa ya kashe nozul da famfo, kuma kuɗin gyaransu ya isa ya karya ɗan kasuwa. Ya ce da akwai hali, sarkin wannan aiki shi ne Land Cruiser mai injin 1HZ, dizal mai silinda shida da lita 4.2, wanda Toyota ta fara yi tun 1990, ba shi da turbo, wato na'urar ƙara wa inji iska, famfonsa na ƙarfe ne zalla, shi ya sa ƙungiyoyin agaji da direbobin hamada ba sa rabuwa da shi. Amma ya ce mai lafiya tana da tsada, mai araha kuma ta riga ta gama aikinta a hannun wani. Har ya ƙara da cewa in da a kan tsaunin kawai zan tsaya, ba na saukowa Jalingo, da sai ya ce in koma can in sayi tsohuwar Land Rover, tunda kowane gareji a Gembu ya san ta ciki da waje. Wato a gabanka, Alhaji, ma'aikacinka yana nuna mini hanyar kai kuɗina wani wuri, kai kuma kana gyaɗa kai.

Daga ƙarshe ya kai ni can baya, wurin wata farar Hilux mai ƙofa huɗu, irin wadda aka fara fitarwa a tsakiyar shekarun 2000, fentinta ya dusashe, bodin baya duk ƙarzuwa. Injin fetur ne mai lita 2.7, giyar hannu, sarƙa ce a cikin injin ba bel ba, sifirin ɗin baya na faranti wanda ko maƙerin ƙauye zai iya ɗaure maka shi ka isa gida, sannan giyar haɗa tayoyi huɗu sanda ce da kake ja da hannunka, ba maɓalli ba. Ya ce irin wannan injin yana cikin bas-bas ɗin Hiace da ke cike da tashoshinmu, don haka kayansa ba sa wuyar samu, sabo ko na gwanjo.

Bai bari an tayar da ita ranar ba. Ya ce in dawo da sassafe in taɓa injin da hannuna in ji sanyinsa, don mota mai ciwo da safe take tona kanta. Da na dawo ya shimfiɗa kwali biyu a ƙasa, ya ce in kwanta kusa da shi. Ya riƙa bin casis da 'yar gudumarsa daga gaba har baya, yana cewa in saurara: ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tas, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji dum. Ya haska mini inda sifirin ke kama casis, ya girgiza farfela ya ce in ji babu wasa, ya nuna mini indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi a ciki, yana nan ba a sace ba. Muka fito, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, ya ɗaga kafet, ya ce nan ake ganin alamar laka idan mota ta taɓa nutsewa a ambaliya. Ya buɗe murfin lagireto injin yana aiki, muka duba ko ruwan yana kumfa. Ya nuna mini robar kuloci da ta birki yadda suka cinye, ya ce in gwada da lambar da ke kan mita, don ana iya mayar da mita baya, amma robar da ƙafa ta ci ba ta ƙarya. Sannan muka fita bayan gari wani wuri mai yashi, ya sa ni na shiga da ita da kaina, na ja sandar nan, na ji gaba da baya sun kama tare. A nan ya ja mini kunne kada in kuskura in bar ta a haɗe a kan busasshiyar kwalta, don irin wannan ba ta da abin da ke raba juyin gaba da na baya, sai ta ɗaure kanta ta ɓata giyabos.

Abin da ya fi ba ni mamaki, shi da kansa ya lissafa aibinta. Shokozoba ɗaya na baya yana yoyo. Kuloci ya ci fiye da rabi. Na'urar sanyi ba ta da ƙarfi. Tana shan mai, kuma idan an yi mata lodi za ta hau dutsen Mayo Selbe a hankali, ya ce in yi wannan lissafin da kyau tunda tun watan Mayun 2023 da aka cire tallafi fetur ya zama abin da ya zama. Kai kuma Alhaji ka sa aka rubuta waɗannan duka a jikin rasit, ka rage kuɗinsu daga farashi ba tare da na roƙa ba. Takardun kwastan da sauran ciniki an gama su lafiya, lambar casis ta yi daidai da ta takarda.

Motar ta ga damina a kan tsauni. Ta maƙale a taɓo, kamar yadda kowace mota ke maƙalewa a can, an tura ta fita. Da famfon mai ya fara gardama, wani yaro a Serti ya canza shi kafin in idar da sallar la'asar. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a kasuwarku, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Abin da ke damuna shi ne me ya sa wannan ya zama abin mamaki. Ai haka ciniki ya kamata ya kasance, addininmu ma ya hana ɓoye aibin haja. Amma je ka wurare da yawa ka ga yadda ake yi. Kafin ka kai ga mai mota ka ratsa dillalai huɗu, kowa ya ɗora nasa. A wanke injin da safe don kada ka ga yoyo, a tayar da ita tun kafin ka iso, a zuba mai kauri don ya rufe ƙarar injin, a cire ƙwan fitilar gargaɗi daga gaban sitiyari. Ka ce za ka zo da bakanikenka, a ja shi gefe a sa masa wani abu a aljihu. Tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017, mutane nawa aka haɗa da takardun bogi, sai sun yi nisa a hanya jami'an kwastan su tsayar da su, mai sayarwa kuwa ya kashe waya? Ga masu kayan gyara da ke sa jabu a cikin kwalin na asali. Kuma wanda ake yi wa wannan yawanci ba mai kuɗi ba ne. Manomi ne da ya sayar da amfanin shekara, ko direba da ya ci bashi, ko ma'aikacin lafiya da ke kai magani ƙauye. Ƙungiyoyin dillalan motoci suna da shugabanni, suna karɓar kuɗin ƙungiya. Me zai hana su wajabta wa kowane ɗan ƙungiya rubuta aibin mota a jikin rasit, kamar yadda kuka yi mini ba tare da kowa ya tilasta muku ba?

A gaishe mini da Baba da kyau. A gaya masa kulocin nan yana nan yana aiki, amma bayan girbi zan kawo masa ita ya canza da hannunsa.

Wassalam.
Naku, mai maganin dabbobi daga Jalingo.