Teku ya cinye Bar Beach, an kuma killace abin da ya rage

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin hukumomi da 'yan'uwa masu karatu kan wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu mazauna Legas. Gari ne da ke zaune a bakin Tekun Atlantika, amma yau da wuya talaka ya samu inda zai kai iyalinsa su ga teku ba tare da ya biya kuɗin shiga ba.

Duk wanda ya zauna a Obalende ko Idi-Araba ko Agege shekaru talatin da suka wuce ya san Bar Beach da ke Victoria Island, a gefen titin Ahmadu Bello. Ba ƙofa, ba mai gadi, ba tikiti. Ranar Sallah da washegari, idan an gama ziyarar dangi, can ake kwasar yara a tafi. Masu dawaki, da yawansu mutanenmu ne, suna ɗora yaro a sirdi su ja linzami su zagaya da shi har inda ruwa ke taɓa kofaton doki. Mai tsire na gefe yana fifita wuta, mai rake na feraye, can gaba kuma masu cocin fararen kaya sun kafa kyandir a cikin yashi suna addu'arsu, babu mai takura wa wani. Baƙon da ya zo daga Sakkwato ko Maraɗi, kafin a kai shi ko'ina sai an kai shi ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa.

Mutane da dama sun ɗauka teku ne kawai ya tashi ya cinye wurin haka siddan. Abin yana da asali. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen shingayen duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, domin yashi ya daina toshe hanyar manyan jirage. To, a gaɓar Afirka ta Yamma igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, tana kwashewa a nan tana zubawa a can, shi ya sa bakin teku ke zama yadda yake duk da cin da ruwa ke yi masa. Da aka gina shingayen nan sai yashin ya riƙa taruwa a ɓangaren yamma. Bar Beach kuwa, da yake a gabas yake, ruwa ya ci gaba da kwashe nasa, igiya kuma ba ta mayar masa da wani. Haka aka yi ta yi kusan shekara ɗari, har ƙasar da ta haura kilomita guda ta shige cikin teku.

A nan ne nake son 'yan'uwana na Arewa su tsaya su duba, musamman masu cewa wannan matsalar mutanen Kudu ce. A 1911 layin dogo ya isa Kano. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da aka riƙa lodawa a jirgin ƙasa, ta wannan mashiga aka fitar da su zuwa Turai. Har gobe kayan da ke cika Kantin Kwari da Singa, da yawansu ta Apapa suke shigowa. Ƙasar nan gaba ɗaya ta ci moriyar tashar, bakin tekun Legas ne ya biya kuɗin.

Tun daga ƙarshen shekarun 1950 gwamnatoci suka riƙa haƙo yashi daga teku suna zubawa a Bar Beach, ruwa yana kwashewa, a sake ba da kwangila. Zuwa farkon shekarun 2000 ruwa ya hau titin Ahmadu Bello kansa, yana shiga gine-ginen da ke gefensa. Babu mai hankalin da zai ce a naɗe hannu a bar teku ya shiga Victoria Island. Sai aka kawo aikin Eko Atlantic: kamfanin South Energyx na rukunin Chagoury ya cike teku da yashi domin samar da fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10, ya kare shi da katangar da aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8.5, wadda aka jera mata manyan tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne. A watan Fabrairun 2013 shugaba Goodluck Jonathan da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton da gwamna Babatunde Fashola suka halarci biki a kan sabon filin. Gaskiya katangar ta tare ruwa daga titin, wannan kam ba na musu.

Abin da nake tambaya shi ne, a cikin wannan makeken fili da aka ƙwato daga teku, ina rabon jama'ar da wurin yake nasu tun farko? Inda yara ke gudu a da, yanzu dogayen benaye ne da filayen da ake sayarwa da dala. Da an ware ko da tsiri ɗaya ne a bakin ruwa, an buɗe hanyar da kowa zai bi ya shiga kyauta, da ba a ji bakina ba.

Kuma ruwan da aka tare a wuri ɗaya bai daina neman yashi ba. A watan Agustan 2012 igiyar teku ta afka wa bakin tekun Kuramo da ke kusa da Bar Beach, aka ruwaito mutum 16 ta tafi da su, daga nan hukuma ta rushe rumfunan da ke wurin ta kori mazauna. A Okun Alfa da ke yankin Lekki, wurin da aka fi sani da Alpha Beach, teku ya ci gidaje da hanya da itatuwan kwakwa. Mazauna garin suna ɗora laifin a kan haƙar yashi da katangar Eko Atlantic, masu aikin kuwa suna musanta haka. Gwamnatin jiha ta gina wasu shingayen duwatsu a yankin, amma masuntan da suka rasa muhalli ba su da ƙarfin da za su yi wa kansu katanga irin ta masu kuɗi. Irin wannan kuka mutanen Ayetoro na jihar Ondo suke yi shekara da shekaru, garin da aka kafa a 1947 yana shigewa ruwa suna ji suna gani.

Sauran wuraren shaƙatawa da suka rage a Lekki kusan duk an kewaye su, an sa ƙofa. Sallar da ta wuce na kai iyalina ɗaya daga cikinsu. A ƙofa aka ƙirga mu kai-kai har da ƙaramin yaro, kowa da nasa kuɗin, sannan ga na ajiye mota. Da mai gadi ya ga kular abincin da uwargida ta dafo, sai ya ce ita ma sai an biya mata. A gabanmu wani bawan Allah da 'ya'yansa sanye da kayan Sallah ya ciro kuɗin aljihunsa ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya kama hannun ƙaraminsu suka juya. Yaran suna jin rugugin teku a bayan katanga, ba su gan shi ba. Na daɗe ban ga abin da ya sosa mini rai kamar wannan ba.

Ko a watan Afrilun 2024, da aka rushe wani ɓangare na Landmark Beach domin hanyar gaɓar teku mai tsawon kilomita 700 daga Legas zuwa Kalaba, muhawarar da aka yi ta yi a kan jarin da aka yi asara ne da batun diyya. Waɗannan abin dubawa ne, domin mutane sun rasa abin yi. Sai dai ban ji an tsaya an tambayi inda talakan gari zai riƙa bi ya isa bakin ruwa ba idan an gama shimfiɗa hanyar.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, zai kula da ita domin amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Ni a fahimtata bakin teku yana cikin wannan amana. Direbobinmu da 'yan kasuwa masu zuwa Lome sun san cewa a can mutum yana sauka daga babban titi ya taka yashi har bakin ruwa ba wanda zai tare shi, alhali su ma suna fama da zaizayar gaɓa tun da aka gina tasharsu ta jiragen ruwa.

Don haka ina kira ga gwamnatin jihar Legas da ta ware wuraren shaƙatawa na jama'a a bakin teku, kyauta, da masu ceto da banɗaki da hanyar mota. Duk wanda za a ba izinin cike ruwa ko gini a gaɓa, a sa masa sharaɗin barin hanyar da jama'a za su bi. A kuma sa ido sosai a kan masu haƙar yashi, a kai wa ƙauyukan masunta irin kariyar da aka yi wa Victoria Island. Sarakunan Hausawa na unguwannin Legas da shugabannin kasuwanninmu na Mile 12 da Alaba Rago, ina roƙonsu su sa wannan batu cikin abin da za su riƙa gabatarwa duk lokacin da suka zauna da hukuma.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Obalende, Legas